Jirgin da Ya Bi Rana

Ranar Litinin da hantsi babbar mota ta gangaro Ronasgar don ta ɗauki tsohon jirgin ruwan nan, Sgarbh, sai ta tarar da gurbi. Ramin da jirgin ya shekara goma sha huɗu yana kwance a ciki, sama kaɗan da bakin teku, yana nan da siffarsa, ciyawar ƙarƙashi ta yi fari saboda rashin rana. Jirgin kuwa babu shi.

Gidaje tara ne suka rage da hayaƙi a Ronasgar. Zamanin kakanninmu jirage ashirin da uku ne ke fita kamun kifi daga wannan lungu, mata suna fiɗa suna cusawa a ganga da gishiri har yatsunsu su tsage. Kifin ya ƙare, ko in ce manyan jiragen kudu suka ƙarar da shi, samari suka watse zuwa Kanada. Abin da ya saura shi ne tumaki, 'yan gonakin dankali, da Sgarbh, wanda aka raɗa wa sunan baƙin tsuntsun nan na teku. Sai mai ƙasar, mutumin da ba mu san fuskarsa ba sai sa hannunsa, ya gina otal a bayan dutse, aka faɗa masa baƙi suna son cin kifi a ƙarƙashin tsohon jirgi. Wakilinsa, Mista Pringle, ya liƙa takarda a ƙofar zauren taro cewa duk jirgin da ya shekara goma bai hau ruwa ba tarkace ne a gaɓar mai ƙasa, za a kwashe. Za a rataye Sgarbh a rufin ɗakin cin abinci, a yi masa ado da fitilu.

Pringle ya aika aka kira Fearchar ɗan Uisdean. Shekara arba'in Fearchar ya yi yana bin sawun barewa a kan tsaunuka, yana kai attajirai gaban dabba har sai da ya rage musu jan kunamar bindiga kawai, su koma gida suna ba da labarin gwanintarsu. Yanzu gwiwoyinsa sun gaji, amma idonsa bai gaji ba.

"Sata ce," in ji Pringle. "Kayan mai ƙasa ne tun ranar da na liƙa takarda."

"Ashe haka ake mallakar abu," in ji Fearchar. "Da na sani da na liƙa wa otal ɗin tawa."

Jama'ar garin sun yi cirko-cirko a bakin ramin, sun tattake duk wani sawu da zai amfane shi. Seonag, mai riƙe da gidan waya da kuma sirrin kowa, ita ta fara magana.

"Jiya da ƙarfe huɗu na gan shi da idona. Da ƙarfe shida duk muna coci can ƙauyen Baile Ùr. Jiya Lahadi ce, Fearchar. Wane ɗan garin nan ne zai taɓa jirgi ranar Lahadi?"

Ba wanda ya ambaci suna. Kawunan dai suka juya gaba ɗaya zuwa gidan ƙarshe, na Kester maginin tukwane, mutumin kudu. Shekararsa goma sha ɗaya a Ronasgar, har yanzu Baƙo ake ce masa. Ba ya zuwa coci, yana shanya wanki ranar Lahadi, kuma shi ya rubuta wa jarida cewa gara a ƙone Sgarbh da a rataye shi a kan masu cin miya.

"Jiya kuma murhun tukwanensa ya yi hayaƙi har magariba," in ji Tormod mai tarakta. "Ni ban ce komai ba."

Pringle ya ɗaga gira. Gidan Kester ba gonar gado ba ce irin tamu da doka ta hana a kore mu. Haya ce ta shekara-shekara daga hannun mai ƙasa.

"Ranar Laraba zan kira 'yan sanda, in kuma karɓe makullin gidansa," in ji shi. "Sai dai in ka kawo mini wani sunan kafin nan."

Fearchar ya dubi fuskokin da ya sani tun suna yara. Sun ji daɗin maganar. An sace jirgin da ba su so mai ƙasa ya ɗauka, kuma wanda zai biya ba nasu ba ne.

*

Ya sami Kester a bayan gida, laka har gwiwar hannu.

"Ka zo kamun ɓarawo?"

"Na zo ganin toka."

"Ga ta can. Tormod ya riga ka, ya tsinci ƙusoshi ya kai wa Pringle a cikin hula."

Fearchar ya durƙusa da ƙyar ya tona tokar da sanda. Ƙusoshi kam akwai su, sun lanƙwashe sun yi baƙi. Ya ɗauki ɗaya ya goga a dutse, ya jefar.

"Me ka ƙona?"

"Katakon da teku ya kawo. Tsohuwar ƙofa ce, ina jin."

"Baƙin ƙarfe ne. Sgarbh da tagulla aka ɗinke shi daga kai har wutsiya. Ubana ya riƙe guduma ranar da aka sake masa katako biyu." Ya miƙe yana dafa cinya. "Tormod bai san wannan ba, don shi jirgin roba yake hawa."

"To ka faɗa musu mana."

"Zan faɗa. Sai su ce ka nutsar da shi. Me ya kai ka rubuta wa jarida, Baƙo?"

Kester ya share hannu a riga. "Don ku ba ku rubuta ba. Kun tsaya gaban takardar nan kuna karantawa kamar sanarwar jana'iza, kuka koma gida shan shayi. Shekara goma sha ɗaya ina jin labarin jaruman Ronasgar. Ban ga ko ɗaya ba."

Fearchar ya ajiye sandar, ya juya ya tafi.

*

Sawun tarakta ya sauka har bakin ruwa, ya hau. Fearchar ya bi shi har ƙofar Tormod.

"Seonag ta ce ka fita daga coci tun kafin waƙa ta biyu."

"Seonag ta je bauta ne ko ƙirga? Cikina ne ya murɗa."

"Cikinka yana murɗawa duk lokacin da manyan kifaye suka shigo kogin mai ƙasa."

Tormod ya dubi hanya, ya rage murya. "Kawu, kifi biyu ne kacal. Ɗaya ma yana gidan fasto."

"Tarakta fa?"

"Asabar. Ciyawar teku na kwaso don gonar dankali."

Gaskiya ya faɗa, kuma Fearchar ya riga ya sani. Kofaton tumakin Seonag ya taka kan sawun tayar, su kuwa tumakin tun safiyar Lahadi aka rufe su. Ya zo ne don ya ga ko Tormod zai yi rawar murya in an ambaci jirgin. Bai yi ba. Ɓarawon kifi ne, kamar ubansa, kuma a Ronasgar wannan ba ya cikin lissafin zunubi.

*

Ranar Talata da tsakar rana teku ya janye nesa, irin janyewar da ke biyo bayan babbar cika. Fearchar ya gangara shi kaɗai. Cikar yammacin Lahadi ita ce mafi girma a shekarar, ruwa ya zo har wutsiyar jirgin. Mutum ɗaya zai iya tura shi cikin ruwa, in ya san yadda ake shimfiɗa gungume a shafa musu ciyawa mai santsi. Ya ga gungumen guda uku an mayar da su gindin katanga, an jera su tsaf. Ɓarawo mai ladabi. Ya kuma ga ramuka a cikin tsakuwa inda aka ɗauke manyan duwatsu kamar goma sha biyu.

Mashigar jiragen Ronasgar tana da siffa ɗaya tun da aka halicce ta. Ta hagu ruwa ne buɗaɗɗe mai zurfi. Ta dama kuwa wani baƙin dutse ne ya tokare, wanda muke kira Haƙori. Jirgi da baya yake shiga ruwa, sai a juya kansa ya fuskanci teku. Duk mai hankali ta hagu zai juya.

Fearchar ya tsaya gaban Haƙori. A tsayin ƙirjinsa an kankare 'yan katantanwar da ke manne da dutsen, tsawon kamu uku, kuma a wurin akwai sabuwar kwalta da ɗigon shuɗin fenti irin na gefen Sgarbh. A ƙarƙashin wannan, in mutum ya san abin da yake nema, akwai wani tsohon zane da ya ci cikin dutsen kansa, aikin jirage ashirin da uku na shekara ɗari.

Ya daɗe yana kallon wurin. Daga nan ya cire hula, ya mayar, ya hau gangara.

*

Marsaili matar marigayi Gilleasbuig tana da shekara saba'in da takwas. Mijinta ne na ƙarshe da ya fita da Sgarbh, kuma ita ce ke shafa masa kwalta kowace bazara. Da ita za a fara zargi, ba don ita ce macen da ta taɓa ɗaure zakaranta a ƙarƙashin kwando don kada ya yi aiki ranar Lahadi ba. Ranar kuma ba ta je coci ba saboda ciwon gwiwa, abin da kowa ya tausaya mata a kai.

Fearchar ya same ta tana ɗibar tubalin ƙasa na hura wuta. Tarin yana gefen gida, ƙofa kuma taku biyar ce ta hagunta. Ta ɗauki kwando, ta juya dama, ta zaga tarin gaba ɗaya tana ɗingishi, sannan ta shiga.

"Ɗan Uisdean, ka tsaya nan kamar sandar shanya? Shigo."

Ta zuba shayi, ta juya cokali ta dama. Ya lura da bayan hannunta, duk ƙujewa.

"Gwiwa fa, Yaya?"

"Tana nan inda Ubangiji ya sa ta."

"Na je Haƙori."

"Yana lafiya?"

"An sake gaishe shi."

Ta tura masa gurasa da man shanu. "Ci. Kai da karen farauta duk ɗaya ne, sai an cika muku baki kuke shiru. Shekara arba'in kana nuna musu inda barewa take kwana. Yanzu ka dawo kan mutane?"

Maganar ta shige shi, don ya sha faɗa wa kansa ita.

"Gobe Pringle zai karɓe gidan Baƙo," in ji shi. "Mutumin bai taɓa jirgin ba. Ba zan bari a kore shi don garin nan ya ji daɗi ba. Ko da sunan wa zan faɗa."

Marsaili ta ajiye kofi. Ta dubi taga, leɓɓanta suna motsi kamar mai ƙirga.

"Gobe Laraba?"

"Laraba."

"Laraba ta yi kusa. Ka roƙa masa Alhamis."

"Me zai faru Alhamis?"

"Kai ɗan masunci ne ko ɗan otal? Je ka yi tunani."

Yana kan hanya ya tuna duwatsu goma sha biyun, ya yi dariya shi kaɗai har tumaki suka ɗaga kai. Ya wuce ofishin Pringle ya ce masa yana da suna, amma sai Alhamis, a bakin teku, gaban kowa. Pringle yana son taro in shi ne zai yi nasara a ciki. Ya yarda.

*

Ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya duk garin ya hallara, har da wata 'yar sanda da ta zo daga birni tana rawar sanyi. Kester ya tsaya gefe guda, ba wanda ya matsa kusa da shi. Marsaili ta zauna kan kifaffen bokiti da baƙar rigarta ta zuwa coci.

Fearchar ya sa aka sauke ƙaramin jirgin roban Tormod.

"Baƙo, shiga ka juya shi ya fuskanci teku."

Kester ya shiga, ya ja filafili, ya juya ta hagu cikin buɗaɗɗen ruwa.

"Tormod, kai ma."

Tormod ya juya ta hagu, da hannu ɗaya, yana hamma.

"Ranka ya daɗe, ko za ka gwada?"

"Ba wasa na zo kallo ba," in ji Pringle. "Kowa ta hagu zai juya. Akwai dutse ta dama."

"Akwai. Zo ka ga dutsen." Ya nuna musu kwalta da shuɗin fentin. "Wanda ya ɗauki Sgarbh shi kaɗai ne, jirgin yana shan ruwa ta kowace kafa, lokaci yana ƙure masa. Duk da haka ya bar hanya mai sauƙi ya goga jirgin a Haƙori. Seonag, me ya sa?"

Seonag ta dubi dutsen. Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai.

"Deiseil," in ji ta a hankali.

"Fassara wa Yallaɓai."

"Bin rana. Ba a juya jirgi sai ta inda rana take bi. Wanda ya juya ta hagu ya kira wa mutanensa mutuwa. Haka iyayenmu suka ce."

"Baƙo bai san wannan ba, don shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ga ya isa a faɗa masa. Tormod an faɗa masa ya manta. Wannan aikin wanda abin ya zauna masa a hannu ne, ko yana so ko ba ya so. Kun ce ɗan gari ba zai taɓa jirgi ranar Lahadi ba. To ɗan gari ne, kuma kun fi ni sanin haka tun Litinin, kuka ga Baƙo ya fi araha."

Ba wanda ya dubi Kester.

"Suna," in ji Pringle.

Fearchar ya ja numfashi. Kafin ya yi magana bokiti ya yi ƙara.

"Rufe bakinka, ɗan Uisdean, ka sayar da barewa ya isa." Marsaili ta miƙe, ta dubi 'yar sandar. "Ni ce. Rubuta da kyau, 'yata, Marsaili, kada ki ɓata mini suna irin na mutanen birni."

"Ranar Lahadi, Marsaili!" in ji Seonag, hannu a ƙirji.

"Ni na sa babbar cika ta zo ranar Lahadi? Wanda ya yi Lahadin shi ya aiko ruwan. Da Shi zan yi wannan maganar, ba da gidan waya ba."

Pringle ya gyara murya. "Ina jirgin?"

"A ƙarƙashin ruwa. A kududdufin bayan Haƙori, da duwatsu goma sha biyu a cikinsa."

"Kin ji ko?" ya ce wa 'yar sandar. "Ta amsa da bakinta. Ta nutsar da shi. Ta lalata kayan mai ƙasa."

Wani tsoho a baya ya fara dariya, tari ya sarƙe shi. Dariyar ta bi layi har ta iso kan Tormod, wanda bai san dalilinta ba amma ya taya.

"Yaro," Marsaili ta ce wa Pringle, "karanta mini takardarka."

"Duk jirgin da ya shekara goma bai hau ruwa ba..."

"Ya isa. Jira teku ya janye."

*

Da ƙarfe uku ruwan kududdufin ya janye ya dawo iya ƙugu. Sgarbh yana kwance a ƙasa, baƙi a cikin jar ciyawa, shi ya sa ba wanda ya hango shi. Jirgin katako in ya daɗe a tudu bushewa yake yi, katakan su ja baya da juna har mutum ya ga rana ta tsakaninsu. Maganinsa ɗaya ne, a nutsar da shi kwana huɗu ya sha ya ƙoshi, katako ya kumbura ya toshe kansa. Duk wanda aka haifa a gidan masunci ya san wannan. Ba a koyar da shi a makarantar da Pringle ya yi.

Kester ne ya fara shiga ruwan da tufafinsa, ya rungumo dutse na farko. Tormod ya bi shi, don kunya. Aka fitar da duwatsun, aka jawo jirgin zuwa marar zurfi, aka yi layi da bokitai. Fearchar ya karɓi bokiti daga hannun Seonag ya miƙa wa 'yar sandar, ita kuma ta rasa yadda za ta ƙi.

Da ƙarfe biyar teku ya fara dawowa. Ya lashi gindin Sgarbh, ya zagaye shi. Jirgin ya yi wani ƙara kamar tsoho zai tashi daga kujera, ya girgiza, ya ɗago. Fearchar ya leƙa ciki. Ruwan da ke shiga bai fi a kwashe da kofi ba.

"Ga shi a kan ruwa," in ji Marsaili. "Ka dawo bayan shekara goma da motarka. In ba na nan, ka tambayi wanda ya gaje ni."

Pringle ya dubi 'yar sandar. Ta rufe littafinta. "Ni dai jirgi nake gani da mai shi, Yallaɓai. Kuma ƙafata ta jiƙe."

"Gidan mutumin nan fa?" in ji Fearchar.

"Ba ruwana da gidansa," in ji Pringle, ya hau gangara, takalmansa na birni suna zamewa.

Aka ɗaga Marsaili aka zaunar da ita a wutsiyar jirgin. Ta bi mazan garin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga wanda ya yi mata ba.

"Kai, Kester. Hannunka ya saba da aiki. Zo ka riƙe filafili."

Sai da ya waiwaya ya ga ko akwai wani mai sunan a bayansa, sannan ya shiga. Suka fito daga kududdufin suka zagayo mashiga, don jirgin ya tashi daga inda jirage ke tashi. Kester ya ja baya, ya kafa filafili, kan jirgin ya fara karkata ta hagu.

Sandar Marsaili ta sauka a kan yatsunsa.

"Dama, ɗan banza! So kake ka kashe mu?"

"Akwai dutse, Inna!"

"Ya san da zuwanmu. Dama!"

Fearchar yana tsaye a gaɓa, ruwa na shiga takalminsa, ya ji ƙarar katako a jikin Haƙori, doguwa, mai sa haƙoran mutum su yi tsami. Rabonsa da jin ta tun yana da uba.